Sojan Gona a Bakin Waya

 Maganar wannan mako a kan wata irin sata ce wadda ba a haura katanga dominta, ba a fasa shago, ba a kuwa tare hanya. Mai dukiya ne da kansa yake miƙa mabuɗi da rana tsaka, yana kuma ce wa ɓarawon "ranka ya daɗe". Watau sojan gonan nan da waɗansu ke yi ta wayar hannu, su kira mutum su ce su ma'aikatan hukuma ne.

Sojan gona tsohon ciwo ne a ƙasar nan. Tun farkon zuwan Turawa, wajen lokacin da aka ci Kano da Sakkwato a 1903, rahotannin da Gwamna Lugga ke aikawa Ingila suna ta kuka da mutanen da kan sami tsohuwar rigar soja ko jar dara, su faɗa ƙauye su ce Bature ne ya aiko su, a tara musu awaki da hatsi. Amma na wancan zamani yana da tasa wahala. Tilas ya zo da ƙafarsa, ya nuna fuskarsa, wata sa'a ma ya kwana a garin. Dagaci mai wayo yana iya cewa a kawo takarda a duba hatimi, ko kuwa ya tsare baƙo da fura da hira, ya tura yaro bisa doki wurin hakimi a tambayo. In asiri ya tonu, ga mutum a hannu. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, an ɗauke wa na yanzu wannan wahala duka. Murya kaɗai ke isowa, babu fuska, babu riga, babu hatimi, mai ita kuwa yana iya kasancewa a bayan kasuwar nan ko a wata ƙasa can.

Ga yadda abin kan gudana. Ɗan kasuwa yana rumfa, ciniki ya yi zafi, sai waya ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya ji an kira sunansa har da na mahaifinsa, cikin murya mai nauyi, Hausa da ɗan surkin Turanci irin na ma'aikata. "Alhaji, daga Babban Banki ne, Abuja. An ga kuɗin haram sun shiga asusunka, an ba da umarni a rufe shi kafin la'asar, a miƙa takardunka ga EFCC." Gaban Alhaji ya faɗi, gama jarinsa duka yana ciki, har da kuɗin mutane na kayan da ba a sauke ba tukuna. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban san kome ba." Daga nan sai murya ta yi laushi. "Na ga alama kai dattijo ne, zan taimake ka. Kada ka kashe waya, kada kuma ka gaya wa kowa, bincike ne na asiri. Yanzu wata lamba za ta shigo maka, karanto mini ita in wanke sunanka." Lamba ta shigo, Alhaji ya karanta. Kafin ya mayar da waya aljihu, saƙon banki ya iso cewa kuɗi sun fita.

Wanda ba a ci shi da bulala ba, a ci shi da zuma. Malami akan ce masa, "Allah gafarta Malam, an sa makarantarka cikin waɗanda gwamnati za ta ba tallafi, sai dai a biya kuɗin fom yau." Wani a yi masa albishir da kujerar Makka, wani da aikin gwamnati ga ɗansa, wani kuwa a ce Kwastan na gwanjon motoci da shinkafa a rabin kuɗi, ya aiko da kafin alƙalami tun ba a rufe ba. Labarai iri-iri ne, amma duk inda aka zaga ɗayan wurare biyu ake sauka: ko "karanto lamba", ko "turo kuɗi".

Mutanen nan suna sauraron labarai fiye da waɗanda suke cuta, suna kuwa bin sanarwar gwamnati sawu da ƙafa. Da aka fito da BVN a 2014, suka zama ma'aikatan banki. Da aka fara ba ƙananan 'yan kasuwa rancen TraderMoni na naira dubu goma a 2018, suka zama masu rubuta suna. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN, aka yi ta sa wa'adi ana ɗagawa, har a watan Afrilu na 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba buga waya. Shekarun nan kaka ce gare su, domin kowa yana tsoron a toshe masa layi. Sa'an nan canjin takardun naira a ƙarshen 2022 da ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023 suka tura dubban mutane, waɗanda da ba su san kome ba sai lalita da aljihu, zuwa ciniki ta waya ba tare da wani ya zaunar da su ya koya musu ba. Ƙarya in ta jingina da abin da aka ji a rediyo da safe, ba ta bukatar rantsuwa.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne mai kira ya san suna, ya san banki, wata sa'a ma har ranar haihuwa. Sai mutum ya ce a ransa, in ba hukuma ba wa zai san wannan? To, da yawa sun sani. Suna da lambar waya suna rubuce a allon shago da jikin mota da katin ɗaurin aure. Suna cikin takardun da aka cika a nan da can don neman tallafi, da takardun mai POS da aka yar a bakin rumfa, da zaurukan WhatsApp da Facebook. Duk wanda ya taɓa tura wa mutum kuɗi ya ga cikakken sunansa da bankinsa. Lambar da ke bayyana a fuskar waya ita ma ba shaida ba ce, gama akwai hanyoyin kira ta intanet da ke sa lambar da mai kira ya so ta bayyana. Sunan da manhajar Truecaller ke nunawa mutane ne suke rubuta shi, mai layi kuma yana iya sa wa kansa sunan kowane ofis. Har an kai ga na'ura tana kwaikwayon muryar mutum in ta sami guntun maganarsa.

Ya kamata a tsaya a kan lambobin nan, domin a nan ne dukiya ke zurarewa. BVN da NIN kowace alƙaluma 11 ce, su ne kamar sunan mutum a littafin banki da na hukuma. Ba su buɗe asusu su kaɗai, amma wanda ya same su ya sami rigar da zai sa ya yi kama da mai su, don haka ba a faɗa wa mai waya. Sai lambobin jikin katin cirar kuɗi, dogayen nan na gaba da ukun da ke baya. Sai lambar asiri ta alƙaluma huɗu, wadda ko ma'aikacin banki da ke zaune bayan kanta ba shi da ikon tambaya. Sai kuma ta ƙarshe, wadda banki kan aiko ta saƙo a yi aiki da ita sau ɗaya cikin 'yan mintoci, galibi alƙaluma shida. Ma'anar wannan lamba kuwa ita ce: a daidai wannan lokaci wani yana bakin rumbu yana son buɗewa, banki ya ce ba zai buɗe ba sai ya tambayi mai rumbu, ya aiko masa da alama a ɓoye don ya tabbata shi ne. Ashe ɓarawo ne a bakin rumbun, shi ne kuma a waya. Dalilin da ya sa ya san lamba za ta shigo tun ba ta shigo ba ke nan, domin shi ya sa aka aiko ta. Wannan sani nasa da ke sa Alhaji ya ƙara gaskata shi, shi ne babbar shaidar cewa hannunsa yana kan kuba. Haka nan lambar da WhatsApp kan aiko: wanda ya karanta wa wani ita ya ba da zaurensa, a shiga da sunansa ana roƙon almajiransa da abokan cinikinsa.

Hukuma ta gaskiya kuwa tana da ƙofa, tana da takarda, tana da lokaci. Yana yiwuwa ma'aikaci na ainihi ya buga waya, amma iyakar abin da zai iya faɗi shi ne a zo ofis kaza ranar kaza, ofis ɗin kuwa yana nan inda kowa ya san shi. EFCC, wadda aka kafa a 2003, da takardar gayyata take kiran mutum, ita da kanta kuma ta sha kai masu sojan gona da sunanta gaban alƙali. Kotu da sammaci take kira. Babban Banki bankin bankuna ne, ba ya bin ɗaiɗaikun masu ajiya da waya. Wanda ke da ikon rufe asusu ba ya bukatar lambar asirin mai asusu kafin ya rufe, ba ya kuma neman izninsa. Tun 2015 kuɗin da ake biyan ma'aikatun Gwamnatin Tarayya suna shiga asusun bai-ɗaya ne, mai biya ya karɓi lambar biya da rasit. Kafin kuɗi su tashi daga waya, sunan mai karɓa yakan fito; a karanta shi. In sunan wani mutum ne ya fito, ko na wani shago, to ba baitulmali ba ne, kome aka ce. Kujerar aikin hajji ta hannun hukumar alhazai ta jiha take bi, da rasit. Layin waya kuwa a ofishin kamfaninsa ake gyara shi.

Da an lura, abu uku mai kira ya fi nanatawa: yanzu-yanzu, kada ka kashe waya, kada ka gaya wa kowa. Ya san cewa in Alhaji ya sami minti biyar ya juya ya tambayi maƙwabcin rumfa, ciniki ya watse. Jarinsa ke nan duka, watau gaggawa da kaɗaici. Malamai sun san yadda masana hadisi ke yi da labarin majhuli, wanda ba a san ko wane ne shi ba: ba a karɓa, kome daɗin lafazinsa, sai an bi isnadi mutum bayan mutum. Ɗan kasuwa ma ba ya cinikin biri a sama. Sai ya kwance dila ya ga yadi, ya soki buhu ya ga ƙwaya. Abin mamaki, mutumin da zai ɓata rabin yini a Dawanau yana tauna ƙwayar riɗi kafin ya saya, shi ne zai ba da jarinsa cikin minti uku ga muryar da bai taɓa ji ba. Ba wauta ce ta kawo haka ba, tsoron hukuma ne da girmama na gaba, halaye biyu da aka rene shi a kansu, mayaudari ya juya su suka zama igiya.

Kada kuma wani ya ɗauka rashin boko ne ke jawo wannan. A watan Oktoba na 2016 'yan sandan Indiya suka fasa waɗansu gidaje a Thane, kusa da birnin Mumbai, suka tarar da ɗaruruwan samari da 'yan mata jere da wayoyi, an koya musu lafazin Amurkawa, suna kiran mutanen Amurka da sunan hukumar harajin ƙasar, suna cewa a biya yanzu ko a zo a kama. Aka tsare kimanin 70 daga cikinsu. A 2018 wata kotu a Amurka ta ɗaure mutum 21 na wata ƙungiya irin wannan, har da wanda ya sami shekara 20. Duk da haka, hukumar kare masu saye ta Amurka ta ce a 2024 kaɗai mutane sun kai ƙarar hasarar dala miliyan 789 a hannun masu sojan gona da sunan gwamnati. A Indiya ma abin ya juyo gida, har a watan Oktoba na 2024 Firayim Minista Narendra Modi ya fito a rediyo yana gargaɗin jama'arsa cewa babu hukumar da ke tsare mutum ko tuhumarsa ta waya. Likitoci da malaman jami'a suna cikin waɗanda aka ci.

Amma fa akwai laifin da ba na mai waya ba, ya kamata a faɗe shi. Me ya sa ɗan kasuwa ba ya mamaki in wanda ya ce shi ma'aikaci ne ya nemi a kashe magana a ɓoye da 'yan kuɗi? Domin ya saba. Ya saba da na goro a shingen hanya, ya saba da fayil ba ya motsi sai an shafa masa mai, ya ga an rubuta beli kyauta ne a bango an kuwa karɓa a ƙarƙashin rubutun. Kowane ma'aikaci mai miƙa hannu yana share wa sojan gona hanya. Shi ma ɗan kasuwan da ya san akwai kaya a sito da ba su bi ta kan hanya ba, da an ambaci Kwastan sai cikinsa ya ɗuri ruwa, gama mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na biyu kuwa, saƙon da banki ke aikowa da lamba yana ɗauke da gargaɗi cewa kada a faɗa wa kowa, amma da Turanci. Malamin da ya haddace littattafai, yana rubuta wasiƙa da ajami tun yana yaro, alƙaluman kaɗai yake iya gani a cikin saƙon, gargaɗin ya wuce shi. Bankuna da kamfanonin waya suna aiko da talla da Hausa in suna neman ciniki. Ba zai gagare su aiko da gargaɗi da Hausa ba. Wajibi ne Babban Banki da hukumar sadarwa ta NCC su tilasta wannan.

Kafin a kai ga haka, magani yana hannun mai waya. In kira irin wannan ya zo, a kashe. Babu rashin ladabi a ciki, babu kuma dokar da ta hana. Ma'aikaci na gaskiya zai aiko da takarda. Ba a tsayawa musu da mai kira, gama sana'arsa ke nan, ya fi kowa baki. Ba a kuma mayar da kira ta lambar da ya bayar. A sa takalmi a tafi reshen banki, ko a buga lambar da ke bayan kati, a kuma gaya wa wani tun kafin a yi kome, ko ɗa ne ko maƙwabci ko sarkin kasuwa. Malamin da ke riƙe da amanar mutane, kuɗin marayu ko na gado ko na ginin masallaci, ya fi kowa bukatar wannan, domin hasararsa ba ta tsaya a aljihunsa ba, har mutuncinsa take taɓawa. Ya fi kyau irin wannan kuɗi ya zauna a asusun da ba ya fita sai da hannun mutum biyu.

In kuwa ƙaddara ta riga ta faɗa, a nan ne gaggawa take da amfani. Bankuna suna da lambar da ake dannawa a rufe asusu nan take, ko da wayar wani ce. A tambayi banki tun yau a rubuta ta a ajiye a cikin gafaka ko littafin bashi. Sa'an nan a tafi banki a rubuta ƙara, da lambar mai kira da lokacin da kuɗi suka fita, domin kuɗin sata ba su daɗewa a asusun farko, rarraba su ake yi nan da nan. A sanar da 'yan sanda ko EFCC. Abin da ya shafi layi, lambar ƙorafi ta NCC ita ce 622, kyauta. In banki ya yi shiru, Babban Banki yana da sashen sauraron kukan masu ajiya. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20, amma alƙali ba ya hukunta abin da ba a kai gabansa ba. Da yawa daga dattawa kunya kan sa su haɗiye abin, kada a ce an yi musu wayo, sai ɓarawo ya wuce rumfa ta gaba da labarin nan dai. Limami ko shugaban 'yan kasuwa da ya ba da labarin a taro, ba tare da ambaton suna ba, ya tsare dukiyar mutane da yawa.

Saura magana a kan yara. Kuɗin da aka sata sai sun sami asusun da za su sauka, ɓarawo kuwa ba ya sa nasa. Sai ya nemi yaron shago ko gardi a tsangaya, ya ba shi 'yan dubbai, ya ce a ara masa asusu wani ɗan'uwansa zai turo kuɗi, ko a yi masa rajistar layi da NIN ɗin yaron. Ran da bincike ya biyo sawu, a kan sunan yaron yake tsayawa, shi ake tasa ƙeyarsa, wanda ya ara kuwa ya sake layi tuni. Maigida da malami su gaya wa na ƙarƙashinsu wannan da babbar murya.

Wanda aka riga aka cuta kuma ya zauna da shiri, gama bayan kwana kaɗan wani kiran yakan zo. Wannan karon murya ce mai tausayi, ta ce daga ofishin bincike ne, an kama ɓarawon, an gano kuɗin, saura kawai a biya na buɗe fayil a mayar masa da abinsa. Mutanen farko ne, ko waɗanda suka sayi sunansa a wurinsu.